Dubiya da Kwalin Taba

Mijina tela ne. Kekensa na ɗinki yana barandar wani shago a bayan kasuwar Terminus ta Jos, shagon kuwa na amininsa ne, dillalin taba sigari. Tare suka tashi a barikin kuza, iyayensu maza a rami ɗaya suka yi haƙa. Ba zan rubuta sunan mutumin ba. Ba tsoro ba ne, ba kuma rufin asiri ba. Na sha wuya kafin hannuna ya iya riƙe biro, ba zan ɓata tawada a kan sunansa ba. Yaran shagonsa Oga suke ce masa, to ni ma Oga zan ce. Ya nemi in yafe masa, ban yafe ba, kuma ina so a san dalili daga bakina.

Oga bai taɓa sa karan taba a bakinsa ba. Goro yake ci, farin goro, yana goge baki da hankici. Ranar da ya kama ƙaninsa da guntun taba a bayan gida, dukan da ya yi masa sai da maƙwabta suka shiga suka raba. A lokacin har yabonsa na yi, na ce ga mutum mai tarbiyya.

Mijina kuwa yana sha, kamar yawancin mazan Jos na wancan zamani. Wai sanyin garin ne. Da an fito masallacin asuba, kowa hannu a hammata, sai a tsaya wurin mai shayi a kunna. Tun muna amarci nake jin warinta a rigarsa har na daina ji.

Tarin ya kama shi da daminar shekarar da sojoji suka fara zancen miƙa mulki ga farar hula. Da farko mun ce mura ce. Na dafa masa citta da kanumfari, na shafa masa mantaleta a ƙirji da baya. Tari ya ƙi tafiya. Ya kai idan ya taka keke kaɗan sai ya dafa tebur yana haki, daga baya ya daina fita, aka kawo masa ragowar ɗinkin gida.

Jama'a suka fara zuwa dubiya. Wannan ya kawo lemo, wancan gwangwanin madara, wata ta kawo ƙwai a ƙwarya. Oga ya zo da kwalayen taba a cikin takarda, korra shar, ba irin jan kwalin da mijina ya saba saye ba. A jikinsu an zana ruwa yana zubowa daga kan dutse, ga ganye ko'ina.

Ya ce, "Matarmu, ki kwashe waccan mai jan kwali ki zubar, ita ke ƙona masa ƙirji. Wannan daga waje take, don masu tari Turawa suka yi ta. Shinshina ki ji."

Na shinshina. Wallahi ƙamshin mantaletar da nake shafa masa ne, babu bambanci. A gefen kowane kwali kuma an liƙa wata 'yar farar takarda mai hatimi shuɗi, irin wadda ake liƙawa a kwalbar magani a asibiti. Me ya rage? Ga ƙamshin magani, ga takardar magani, ga aminin miji ya kawo da hannunsa. Na durƙusa na yi masa godiya. Mijina ya kunna ɗaya, ya zuƙa, ya lumshe ido ya ce sanyi yake ji har cikin ƙirjinsa.

Da na ce a kai shi asibiti, Oga ne ya ɗaga hannu ya ce, "Me za a je yi? Layi kawai za ku bi tun safe, a ba ku ƙwaya fara a ce ku dawo. Ki bar shi ya sha wannan, kafin kaka ya miƙe." Duk mako sai ya aiko da wasu. Ni kuma nake miƙa wa maras lafiya bayan ya ci abinci, kamar yadda ake ba da magani. Ban ɗora wa kaina laifin wannan ba, kada ma wani ya ɗora mini. Ban iya karatu ba a lokacin, kuma wanda ya iya shi ya ce mini magani ne.

Ba na zubar da kwalayen idan sun ƙare. Suna da kyau, sai nake zuba maɓallai da allurai a ciki, in jera su a kan taga. Rufin ɗakin yana yoyo daidai wurin. Wata rana wata Madam, Inyamura ce daga Anguwan Rukuba da mijina ke ɗinka wa 'ya'yanta kayan makaranta, ta zo karɓar yadinta tunda ɗinki ya gagara. Ina neman maɓallanta sai ta ɗauki kwali ɗaya. Laima ta jiƙa shi, farar takardar ta ɗaga baki.

Ta ce, "Mama, wa yana shan wannan?"

Na ce, "Maigida mana. Maganin ƙirji ne."

Ta kalle ni kamar na zage ta. "Magani? Wane magani?" Ta sa farce ta ɓare takardar gaba ɗaya. Ashe akwai rubutu a ƙarƙashi, baƙi, ƙanana. Ta karanta da Turanci, leɓenta na motsi, sannan ta ce, "Gwamnati na ƙasarsu ya ce wannan abu yana lalata lafiya. Ba ni na faɗa ba o, Mama. Gwamnati ne ya sa su rubuta dole."

"Sake dubawa."

Ta sake dubawa. Na kwaso sauran kwalayen, na zazzage maɓallan a tabarma, na tsoma su cikin ruwan kwano. Takardun suka taso ɗaya bayan ɗaya suna yawo a kan ruwa. Duk kwalin da na miƙa mata, magana ɗaya ce. Madam ta ce, "Ki kai shi asibiti yau. Yadi na bari, ba na so, ki kai shi yau."

Na shiga na gaya wa mijina. Dariya ya so ya yi, tari ya hana shi. Da ya lafa ya ce, "Ke dai ba ki son zaman lafiya. Mutumin da muka ci tuwo a kwano ɗaya? Shi ma bai sani ba ne." Na kwashe wadda ta rage na zuba a masai. Ranar na ga namijin da ya haifi 'ya'yana yana kuka yana roƙona kara ɗaya. Ban ba shi ba. Washegari na ɗauko tasi muka tafi.

Aka ɗauki hoton ƙirjinsa. Likita ya ɗaga hoton a taga ya daɗe yana kallo, sannan ya tambaye ni me ya zaunar da mu tun farkon damina har yanzu. Ni ban ce Oga ne ya koya wa mijina shan taba ba, kuma ban ce da mun je da wuri lallai zai tashi ba, wannan Allah ya sani. Abin da na ce shi ne, kusan damina guda muka yi muna zaune a ɗaki muna ba shi abin da ke cin sa, da sunan magani, kuma akwai wanda ya zaunar da mu.

Mijina bai kai kaka ba. Oga ne a gaban makara, kukansa ya fi na kowa ƙarfi. Ya aiko da buhun shinkafa na sadaka, surukata ta sa aka dafa, ni ko loma ban kai bakina ba. Na shiga takaba da tambaya ɗaya a raina, kullum da ita nake kwana da ita nake tashi: ya sani, ko bai sani ba?

Ranar da na fita takaba ban je gaida dangi ba, shagonsa na nufa. Ban tsaya a gaba ba, na ɗaga labulen ciki na shiga. Ga katan-katan na korayen kwalaye da aka shigo da su ta ɓarauniyar hanya, ga kwanon ƙaro an jiƙa, ga yaran shago a zaune suna yanka farar takarda suna liƙawa. Almakashin da suke yankan da shi na mijina ne, na san shi da zaren da na naɗa a hannunsa.

Oga ya biyo ni. "A'a, matarmu, an fito? Sai haƙuri, ajali ne."

"Na tambaye ka ajali? Ka san abin da ke rubuce a nan?"

Ya dubi yaran, ya dube ni. Da ya yi mini ƙarya ma, wataƙila da zuciyata ta sami inda za ta kwanta. Sai ya ɓantari goronsa ya ce, "Na sani mana. 'Yan jami'ar nan na Titin Bauchi da akawu-akawu ne ke karantawa suna yi mini iyayi, wai kayan da Turawa ke tsoro na kawo musu. Kasuwa ce, sai na rufe. Maganar Turawa ce a ƙasarsu. Ɗauki ta gida ki duba, akwai rubutu a jikinta? Gwamnatinmu ta ce a rubuta? Ta ce kada a rufe?"

"Ta ce ka kai wa amininka ka ce masa magani ne?"

"Tausayinsa na ji. Wannan ta fi waccan laushi, kowa ya sani. Idan kina ganin na yi laifi, je ki kai ƙara."

Na ɗauki almakashin daga hannun yaron na fita. Kuma na kai ƙarar. Na je wani ofishi da aka ce nan ake maganar lafiyar gari, na zauna a benci har aka gaji da ganina. Wani mai taye ya juya kwalin a hannunsa, ya ce gaskiya abin ba kyau, amma babu dokar da aka karya, don mu nan ba a tilasta wa kowa rubuta komai a kwalin taba ba. Ya miƙo mini kwalina. A aljihun rigarsa ma akwai irinsa.

Sai bayan shekaru da yawa gwamnatinmu ta farka ta ce a riƙa rubutawa. Na ji a rediyo, ban yi guɗa ba. Da Turanci aka rubuta, alhali mai shan taba a garin nan kara ɗaya yake saye wurin mai tebur, kwalin ma ba ya zuwa hannunsa. Duk da haka gara da aka yi. Da akwai dokar a lokacin, da wancan mai tayen bai sami bakin sallamata ba.

Tunda hukuma ta ce ba ruwanta, na ce to ni da ruwana. Na shiga ajin yaƙi da jahilci da ake yi a wata firamare bayan la'asar. Ina da furfura a gaban goshi, na zauna a bencin yara gwiwata na dukan tebur. Na ce wa malamar, "Ni ba karatun wasiƙa ya kawo ni ba. Magana ɗaya nake so ki koya mini in rubuta." Da na faɗa mata maganar ta yi dariya ta ce, "Inna, ai sai an fara da a da ba." Na fara. Alli ya karye a hannuna ya fi a ƙirga, matan ajin suna cewa ina danna shi kamar ina daka. Ban bar ajin ba sai da na iya.

Da ma waina nake soyawa a gida. Na ɗauke kaskona na kai shi bakin titi, daidai tsallaken shagon Oga, inda idan ya ɗaga kai ni zai gani. Na sami murfin tsohon kabad, na shafe shi da baƙin tukunya, na rubuta da alli da hannuna: TABA TANA CIN ƘIRJI. A TAMBAYI OGA ME YA LIƘE. Haruffan sun karkace kamar za su faɗi, amma suna karantuwa.

Sannan na gano idan aka riƙe kwali a kan tururin tukunyar miya, ƙaron yana saki, takardar ta taso da kanta. Abin ya zama wasa wurin direbobi da 'yan kamasho. Mutum zai saya a shagon Oga ya tsallako titi.

"Inna, ɓare mini nawa in gani!"

"Kai da ko sunanka ba ka iya karantawa, me za ka gani?"

"To ai ke ma jiya kika koya!"

"Jiyan nan ta fi taka. Kawo. Ka ga wannan? Cewa aka yi za ta cinye maka ƙirji. Matarka ta iya takaba?"

"Wadda take zagina kullum? Ai biki za ta yi."

Su yi ta dariya, wani ma ya sunkuya ya kunna tabarsa da garwashin murhuna. Ba zan yi ƙarya ba, waɗanda suka daina sha saboda ni ba su da yawa, cinikin Oga kuma bai faɗi ba. Amma suna ya bi shi. Oga Mai Liƙi. Idan ya wuce ta tasha sai ka ji wani ɗan kamasho ya ɗaga murya, "A liƙe ko a ɓare?" Ya tura a tashe ni daga wurin, matan layin masu abinci suka ce idan an tashe ni su ma a tashe su. Ya sa aka goge allon, na sake rubutawa, wannan karon ma ya fi kyau. Ya daina zama a ƙofar shago, ya koma ciki.

Ana nan sai aka ce Oga ya biya kujerar Makka. To, a al'adarmu mai niyyar aikin hajji ba ya tafiya sai ya bi gida-gida ya nemi gafarar mutane, don bai san ko zai dawo ba, kuma ba a so a tsaya a gaban Allah da haƙƙin wani a wuya. Ya bi unguwa kaf, kowa yana cewa na yafe, Allah ya yafe mana. Gidana ya bari ƙarshe. Bai zo shi kaɗai ba, ya zo da limamin unguwa da matarsa. Matar nan ƙawata ce ta gaske, ita ta yi mini wankan jego a haihuwata ta fari.

Na shimfiɗa musu tabarma, na kawo ruwa. Oga ya sunkuyar da kai ya ce, "Matarmu, zan tafi ɗakin Allah. Abin da na yi miki, wanda na sani da wanda ban sani ba, ki yafe mini."

Na ce, "Wanda ba ka sani ba na yafe. Wanda ka sani kuwa, faɗe shi in ji."

Ya dubi liman. Liman ya ce, "Baiwar Allah, a yi haƙuri. Mu ma muna saɓa wa Ubangiji yana yafe mana."

"Allah gafarta Malam, haƙƙin wani fa?"

"Wannan sai mai shi ya yafe. Shi ya sa muka taso muka zo."

"To ga abin da nake so, ba shinkafa ba ce, ba atamfa ba. Ranar Juma'a idan an sauko masallaci, ya tsaya a ƙofar shagonsa ya faɗa da bakinsa, mutane na ji, cewa ya san abin da ke rubuce, ya rufe, ya kai wa amininsa yana kwance ya ce masa magani ne. Yana rufe baki zan ce na yafe, a gaban mutanen nan."

Oga ya ɗago, idonsa ya yi ja. "Wannan ai tozarci ne. Ina da surukai a garin nan."

"Ni kuma ina da marayu."

Liman ya yi ta magana, mai daɗi kuwa, ban katse shi ba. Da ya gama na ce na ji, amma maganata tana nan. Suka tashi, ruwan ma ba wanda ya sha.

Juma'a ta zo. Ban kai kasko ba ranar, na yi wanka na sa mayafi na tsaya a tsallaken titi ina jira. Wallahi da ya fito ya faɗa da na cika alkawari, har na shirya yadda zan ce. Aka sauko masallaci, titi ya cika ya watse. Shagon a kulle yake da kwaɗo.

Safiyar tafiyarsu ina cikin soya waina sai ga matarsa da gudu, mayafi a hannu. Motar da za ta kai maniyyata Kano tana tasha, an ɗaure kaya, ana jin hon daga inda nake.

"Ƙawata, don Allah, don Annabi. Yana cikin mota ya hana direba tashi, jiya ko runtsawa bai yi ba. Ki ce kin yafe in kai masa, ba sai kin je ba."

"Ya faɗa?"

"Ba zai iya ba, kin san halin maza."

"To ni ma ba zan iya ba."

Ta durƙusa a gaban murhu, hayaƙi na shiga idonta. "Ki dubi zaman da muka yi. Ni na wanke ki, ni na goya miki 'ya'ya. Ko a baki ne ki faɗa, ba sai ya kai zuci ba."

Ita kam na tausaya mata, don ba ta yi mini komai ba. Na ce, "Idan na faɗa a baki na yi masa irin abin da ya yi mana ke nan, in ba shi abu in ce magani ne. Tashi, zaninki zai kama wuta."

Ta miƙe ta ce, "To ni da ke shi ke nan." Na ce Allah ya kiyaye hanya. Ta koma a hankali, ba gudu. Can na ji motar ta tashi, masu rakiya suna kabbara. Wainar da ke kasko ta ƙone, na kwashe na zuba wani ƙullun.

Ya je ya dawo lafiya, da haƙorin Makka, aka yi ta zuwa yi masa barka. Matarsa ba ta sake amsa gaisuwata ba har ta koma ga Allah, wannan kam ya ci ni, har yau yana ci na. Shi ma ya tsufa ya rasu a kan gadonsa, bai faɗa ba. Mutane suna ce mini riƙo ba kyau, tsohuwa kamar ki. Na ji. Na riga na tara 'ya'yana na gaya musu, ranar da aka shimfiɗe ni, idan wani mai son gyara zance ya miƙe ya ce marigayiya ta yafe wa kowa, babbansu ya tashi ya ce banda mutum ɗaya.